DeLoy Thorsen, Wanda Ya Sha Nonona

Faɗanmu da DeLoy Thorsen, bishop ɗin da ke shugabantar cocinmu, a kan burodi aka yi shi. Ranar Asabar ce da hantsi, ina shanya a bayan gida, sai ga motarsa ta tsaya a bakin shinge. Ya fito yana kakkaɓe gashin talotalo daga wandonsa, ya cire hula kamar mutumin kirki.

"'Yar'uwa Ottesen, na biyo in karɓi burodin gobe."

Tun yana yawo ba wando ni nake gasa burodin da ake gutsuttsurawa a coci ran Lahadi, a zaga da shi a faranti kowa ya ɗauki loma don tunawa da Ubangiji. Ban taɓa fashi ba.

Na ce, "Babu."

"Ba ki samu kin gasa ba ne?"

"Na gasa. Yana kan tebur yana shan iska. Babu dai."

Ya shiga juya hular a hannunsa. "Ai ba ni za ki ba ba. Na Ubangiji ne."

"To ka gaya wa Ubangiji akwai na leda a kanti. Burodin da aka hana ɗana ci ba zai fito daga tanderuna ba."

"'Yar'uwa Ottesen, ki iya bakinki. Da bishop ɗinki kike magana."

"Da DeLoy nake magana. Bakin nan da kake min wa'azi da shi, na san lokacin da ba ya iya komai sai tsotso. Ja motarka, kana firgita min kaji."

Ya tafi. Washegari aka raba wa jama'a burodin leda mai kama da auduga a baki. Kowa ya haɗiye, kowa kuma ya san dalili.

A jana'izarmu, kafin a kai mutum, wani cikin dangi kan hau mumbari ya ba da tarihin rayuwarsa. Da DeLoy ya mutu 'yarsa ce ta ba da nasa. Ina zaune ina saurare har na fara tunanin ko gawar wani aka kawo bisa kuskure. Ni ba wanda ya ce in tashi. Ban yi makaranta ba, a dajin kiwon tumaki na girma, lokacin da sa'o'ina ke koyon baƙaƙe ni ina koyon fiɗar rago. Amma na riga 'yarsa saninsa, don haka ga nawa tarihin.

A nan kwarin Sanpete aka haife shi, cikin hunturun da na haifi Arlo, ɗana tilo. Zazzaɓin haihuwa ya kwantar da uwarsa, nononta ya ƙafe. Ubansa ya naɗo shi cikin bargo, ya ratso ƙanƙara, ya ajiye min shi a kan tebur. Na ɗauka. Arlo a dama, DeLoy a hagu. Gaskiya DeLoy ya fi daɗin raino: a ba shi ya sha, a ajiye shi ya yi barci. Arlo kuwa sai ya saki nono ya ƙura min ido, kamar yana so in yi masa bayanin inda abin yake fitowa.

Haka suka tashi. Arlo ya yi tambaya, DeLoy ya laɓe a bayansa ya ji amsa a kyauta. In tambayar ta jawo duka, Arlo ke sha. Inna Zelpha yake kirana a lokacin, kuma abin da ya ci a gidana ya fi wanda ya ci a gidansu.

Da suka isa tafiya wa'azi irin ta samarinmu, aka tura DeLoy Denmak, ƙasar kakanninsa, ya dawo da kumatu. Arlo aka tura Barazil, ya dawo da tambaya. A can ya yi wa wani magini baftisma, baƙar fata, sunansa Benedito. Mutumin ya bar shan kofi da taba, don cocinmu ta hana su, yana tako ƙasa daga nesa don ya zo coci. Sai da ya gama shiga da ƙafa biyu aka sa Arlo ya gaya masa sauran: saboda launin fatarsa ba zai zama firist ba, abin da kowane ɗan yaro namu ke zama tun muryarsa ba ta buɗe ba. Ba zai sa wa ɗansa albarka da hannunsa ba, ba zai shiga haikali ba. Benedito bai yi fushi ba. Ya ce kawai, "A ina aka rubuta?" Arlo ya ce zai nemo masa.

Wannan alkawarin shi ya ci ɗana.

Ya zama malamin tarihi a makarantar garinmu, ya auri LaRue, aka ba shi ajin manya a coci ran Lahadi. Duk hutu yana Salt Lake, birnin manyan cocinmu, yana tonon tsofaffin littattafai. Wata Lahadi darasi ya biyo ta kan maganar, sai ya ce wa aji, "Na nemi wahayin da ya hana baƙar fata zama firist, ban samu ba. Ban ce babu ba. Wanda ya gani ya nuna min." Ba wanda ya nuna masa. Ya sake faɗa. Daga baya ya rubuta a wata 'yar mujalla ta masu karatu, wadda a garin nan ba mai karanta ta sai wanda ke neman laifi.

DeLoy kuwa a lokacin ya gaji talotalon ubansa ya ninka su, ya auri Vonda, ta cika masa gida da 'ya'ya, aka naɗa shi bishop. Ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya kai wa gwauraye itace, ya share ƙanƙara daga ƙofar tsofaffi kafin su tashi, ba gidan da aka kwana da yunwa a zamaninsa. In an ce masa ga rami ka cike, zai cike. In an ce ga mutum ka tura ciki, zai tura, ya kuma yi addu'a a kai.

A kan teburina suka yi maganar, tebur ɗin da aka fara ajiye shi a kai. Ina tsaye ina murza ƙullu.

"Arlo, ka ɗora tambayar nan a kan kanta ka bar ta," in ji DeLoy. "Kowa haka yake yi."

"Kantar tawa ta cika, Bishop. Ka ara min taka, na ji an ce fayau take."

"Akwai waɗanda aka ɗora wa yin tunani a kan wannan, kuma ba kai ba ne."

"To su yi mana. Na ga sun daɗe."

DeLoy ya nisa. "Ka san talotalo. Ɗaya ya firgita ya yi kuka, sai duka su ruga kusurwa su hau kan juna, da safe ka kwashi gawa da shebur. Ni makiyayi ne. In na ga mai firgita min garke, fitar da shi nake yi."

Na ce, "Kai DeLoy, su talotalon da kake karewa daga firgita, ina kake kai su in kaka ta yi?"

Arlo ya ƙyalƙyale da dariya. DeLoy bai yi ba. Daga ranar na zama 'Yar'uwa Ottesen.

Bishop ba ya korar mai muƙami irin Arlo daga coci shi kaɗai, sai ya kai ƙara gaba. Shi ya kai. Majalisar manya ta zauna wata Lahadi da rana, maza zalla cikin baƙaƙen kwat, aka rufe ƙofa. Ni da LaRue muna kan benci a baranda, don mace ba ta shiga, ko da ita ta haifi abin da ake yankawa. DeLoy ne ya ba da shaida. Da Arlo ya fito, ya ce min, "Mama, mu je gida." A gida ya shiga ɗaki ya tuɓe fararen kayan ciki na haikali da yake sawa tun yana saurayi, ya ninke, ya miƙo min. Suna nan a akwatina har yau.

An soke sunansa daga coci. An yarda ya zo ya zauna, amma ba zai yi addu'a a bainar jama'a ba, ba zai yi magana ba, in farantin burodi ya zo gabansa sai ya miƙa wa na kusa. Ranar Asabar ta satin ce DeLoy ya zo neman burodi.

Makaranta ba ta ce ta kore shi ba, ta dai ce ba ta bukatarsa baɗi. Mutanen da ya koyar da 'ya'yansu suka riƙa tsallaka titi. LaRue ta jure na ɗan lokaci, sai mata suka dinga zuwa mata da tukunyar abinci da shawara: mijin da ba zai kai ki aljanna ba, me za ki yi da shi? Ta tattara ta koma gidansu, daga baya ta auri wani mai sayar da taraktoci. Allah bai ba su haihuwa da Arlo ba. Shi kuma ya haye dutse zuwa wajen masu haƙar kwal, yana tuƙa babbar mota, malamin tarihi da baƙin ƙura a kunne.

Ni ban bar coci ba. Cocin ubana ce kafin ta zama ta DeLoy. Na dai canza benci, na koma na gaba, daidai inda in ya ɗaga kai daga kujerarsa sai ya gan ni. Na ajiye jakata a gefe, wurin mutum ɗaya, ban bari kowa ya zauna ba. Ya koyi yin wa'azi yana kallon agogon bango.

Ba a yi shekara uku ba, cikin bazara, rediyo ya ce manya a Salt Lake sun sami wahayi: daga yau baƙar fata ma firist ne, haikali a buɗe yake ga kowa. Mata suka fito titi suna kuka suna rungumar juna, har da waɗanda suka kai wa LaRue tukunya. Ran Lahadi DeLoy ya hau mumbari hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce ya daɗe yana addu'ar ganin wannan rana. Na dube shi har sai da ya nemi agogo.

Arlo ya zo a satin. Ya yi wanka, ya sa kwat, ya tafi ofishin bishop. Na bi shi, na tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya isa ya ce in matsa.

"Ƙofa a buɗe take, Arlo," in ji DeLoy. "Ka tuba, a sake maka baftisma."

"In tuba daga me?"

"Ka yi wa manya gardama."

"Abin da na faɗa shi suka faɗa makon jiya."

"Su suka faɗa. A lokacinsa. Kai ka riga su."

"To laifina sammako ke nan."

"Ka ce ka yi kuskure, kalma ɗaya. Ni zan shiga ruwa da kai da kaina."

Arlo ya miƙe. Sannan ya ce, "DeLoy, in na ce na yi kuskure, na ce Benedito ya cancanci abin da aka yi masa har zuwa ranar Alhamis da ta wuce. Ba zan iya ba." Ya ɗauki hularsa.

Ya yi shekaru bayan haka. Zuciyarsa ce ta tsaya wata rana yana canza taya a gefen hanya. Namu ana binne su cikin fararen kayan haikali da koren ɗan zane a ƙugu. Nawa ɗan da shuɗin kwat aka sa shi a akwati, kamar mai zuwa neman aiki. DeLoy ya zo jana'izar, lokacin ya sauka daga bishop amma sunan ya bi shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ubangiji ya san komai." Na ce, "Shi ya sa nake tausaya maka." Ya wuce layin abinci, na ga ya ƙara dankali.

Masu iya magana sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Nasa ya yi tafiyar hawainiya, amma ya iso. Ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro, yana da shekara sittin, ni ina nan da ƙafafuna. Wata rana da yamma ya zo, Vonda ta tuƙo shi, ta zauna a mota. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna Zelpha, in shigo?"

"Au, ta dawo daga tafiya, Innar? Shigo."

Ya zauna a bakin teburin nan. Ya ce ba ya barci. Ya ce in ya rufe ido sai ya ga Arlo yana ninke kaya, alhali bai ma ga ranar ba. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Mu muna yi wa matattu baftisma: mai rai ya shiga ruwa a haikali da sunan mamaci, a mayar masa da abin da ya rasa. Ga wanda aka kora, sai dangi mafi kusa ya nema kafin manya su yarda. Dangin Arlo ni kaɗai ce. DeLoy yana so in sa hannu, shi kuma ya shiga ruwan a madadin Arlo tun ƙafarsa na iya sauka matakala.

"Kai za ka zama Arlo?"

"Na minti ɗaya, Inna."

"Kai da ka kasa zama ɗan'uwansa na minti ɗaya."

Ya sunkuyar da kai. "Ba don ni kaɗai ba. Kin san koyarwa. In ba a yi ba, ba za a haɗa ku a lahira ba. Ke ma kwana nawa ya rage miki?"

Nan ya soke ni inda ke da zafi, kuma ya sani. Na yi imani da wannan koyarwar tun ina yarinya. Ba daren da ban yi tunanin in isa can in tarar da marigayi mijina, in waiga ba Arlo ba.

Na ce, "Lahadi mai zuwa ta azumi ce, kowa na iya tashi ya ba da shaida. Ka hau mumbarin da ka yi kuka a kai. Ka ce Arlo Ottesen ya yi gaskiya, ku kuka yi kuskure. Kalma ɗaya, kamar yadda ka nema a wurinsa. Kana saukowa zan sa hannu."

"Inna, majalisa ce ta yanke. Ba ni da ikon cewa majalisa..."

"To ka ji sharaɗina."

Ran Lahadi coci ta cika, don an san ba zai daɗe ba. Ya tashi, 'ya'yansa maza biyu suka riƙe shi har mumbari. Muryarsa kamar ana jan kara a kan yashi. Ya ce ya san cocin nan gaskiya ce. Ya ce ya san manyanmu Allah ke bi da su. Ya gode wa Vonda. Sai ya dubo ni, karo na farko a shekaru masu yawa, na ga leɓensa ya haɗa farkon sunan. Ya ce, "In akwai wanda na taɓa ɓata wa rai, da sani ko ba da sani ba, ya yafe min." Jama'a suka ce amin, ana ta fyace hanci. Na ɗauki jakata daga wurin Arlo na fita.

Da ya kwanta gaba ɗaya, Vonda ta aiko cewa yana kirana. Na ce sai gobe. Na tashi da sassafe na kwaɓa ƙullu, irin na da, da zuma da madara. Na gasa, na naɗe shi da zafinsa a tawul. Na san abin da nake yi. Duk garin an san ya kai wata bai haɗiyi komai ba, ta roba ake zuba masa abinci a ciki.

Vonda ta ga tawul ɗin ta buɗe baki, na ce ta ba mu wuri. Na ajiye burodin a kan ɗan tebur kusa da kansa, na yaye tawul, na ɓalla shi biyu don tururin ya fita sosai. Ɗakin ya cika da ƙamshi. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Ga burodin da ka zo nema," na ce. "Na yi jinkiri."

"Ba na iya ci, Inna."

"Na sani. Ka shaƙa ka miƙa wa na kusa. Ɗana ya iya, kai ma za ka iya."

Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. Ban share ba. Wannan fuskar na share ta fiye da yadda uwarsa ta share, ya isa.

"Na kasa," ya ce. "Na hau da niyya. Da na ga jama'a... in na faɗa, me za su riƙe?"

"Talotalonka."

"Ki sa hannu ko bayan raina. Wani ya shiga ruwan. Ai ba tilas ba ne, Inna. Koyarwa ta ce ana miƙa wa mamaci ne, in ya so ya karɓa, in ya ƙi ya bari. Tambayarsa kawai za a yi."

Na gyara masa bargo, don ƙafarsa ta fito kuma ba na son ganin aiki a karkace. Na tuna Arlo da hularsa a hannu a ofishin nan, da abin da ya ce ba zai iya ba. Yana da rai ya ba da amsa. Ban ga dalilin da zan sa a tsoma shi a ruwa yanzu da ba shi da bakin maimaitawa ba, don kawai DeLoy ya samu barci, ko don ni in samu. Na miƙe na ɗauki tawul ɗina.

Na ce, "Tunda tambaya ce, ba sai an jiƙa kowa ba. Kai za ka riga ni isa. Ka neme shi, ka tambaye shi da bakinka. Kada ka ji tsoro, DeLoy. Shi bai taɓa korar mutum don ya yi tambaya ba."